Boris goma a bayan kekena: littafin gyara

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau da safe a gangaren bayan Dutsen Kufena, a Zariya, na gaskata abin da na yi wata biyu ina kau da kai daga gare shi. Na shigo kwana da ɗan gudu, sai na ji ƙafar baya ta goce gefe kaɗan kafin ta biyo ta gaba, kamar ba a jikin keke ɗaya suke ba. Gabana ya faɗi, domin wurin duwatsu ne zube ko'ina. Ita kuwa ƙarar tun tsakiyar damina take, ƙiiƙ-ƙiiƙ duk sanda na taka feda da ƙarfi a hawa. Na zargi sirdi, na zare shi na shafa giris. Na zargi feda, na kwance na mayar. Ƙara tana nan.

Da na dawo gida Samaru na kira ƙanena ya riƙe mini kan keken gam. Na kama tayar baya ina tura ta hagu da dama, yatsana ɗaya a kan babbar gaɓar da ke daf da inda feda ke juyawa. Ba a kunne na ji ba, a yatsa na ji: ƙwas, ƙwas. Don kada in ɗora wa gaɓa laifin cibiyar taya, na cire tayar na girgiza hannayen bayan, wato sandunan da ke riƙe da tayar baya, su kaɗai. Wasan yana nan.

Wanda bai saba da irin wannan keke ba, abin da ya kamata ya sani shi ne, bayansa ba da walda aka haɗa shi da gangar jiki ba. Gaɓoɓi ne suke riƙe da shi, su ba shi damar yin sama da ƙasa yana danna shokozoba. Nawa irin tsarin nan ne da ake kira da sunan Horst Leitner, mutumin Ostiriya da ya ƙirƙiro shi a Amurka, wato akwai ƙaramar gaɓa a hannun ƙasa, gaba kaɗan da cibiyar tayar baya. Kowace gaɓa boris ne a cikinta. Shekara uku ke nan da na sayi keken gwanjo da kuɗin da na daɗe ina tarawa, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ba zan sake hawa shi ba sai na canza su.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Kafin in taɓa komai na sa famfon shokozoba na karanta iskar da ke ciki, 180 psi, na rubuta a bangon littafi, sannan na sace iskar duka. Na cire sarƙa, na kwance birkin baya na rataye shi da igiya don kada tiyonsa ya lanƙwashe, na fitar da shokozoba.

A nan ne gaskiya ta fito fili. Shokozoba yana ɓoye laifin gaɓoɓi, domin ƙarfinsa ya fi ƙarfin tirjiyarsu. Da babu shi, na ɗaga bayan keken da hannu, ya kamata ya tafi sumul ya dawo da nauyin kansa. Maimakon haka sai yake tafiya mataki-mataki, gar, gar, gar, har akwai inda na sake shi ya tsaya cak a sama bai faɗo ba.

Na ari kiret ɗin ƙwai a wurin uwargida. Kowane rami gaɓa ɗaya: notinta, washarta, da ƴan siraran zobban da ke shiga tsakanin boris da firam. Kafin in zare kowane noti sai na ɗauki hoto da waya, bayan na zare in sake ɗauka. Zobban nan ba girmansu ɗaya ba, wasu ma fuskarsu ɗaya tana da tudu, in ka juya su a wurin mayarwa za su danne robar boris.

Noti ɗaya ya so ya ba ni wahala. Ramin kansa ya cika da busasshen taɓo, alanki mai lamba 5 bai shiga ko rabi ba. Da na murɗa a haka da kan ya cinye. Na zauna da allura na ƙwaƙule shi tas, alankin ya zauna har ƙasa, na ɗumama wurin da ruwan zafi don maganin ɗaurin da ke jikin zaren ya saki, sannan ya juyo.

Lambobin suna rubuce a jikin robar kowane boris, sai da tocilan na iya karanta wasu. Babbar gaɓa 6902 guda biyu. Inda ƙarfen lilo, wato guntun da ke haɗa hannun sama na baya da gangar jiki, ya kama gangar jikin 6901 guda biyu. Inda ya kama hannun sama 6900 guda biyu. Gaɓar Horst kuwa 6800, biyu-biyu a kowane gefe. Goma ke nan.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Bayan la'asar na shiga Sabon Gari layin masu sayar da kayan babur da na janareta. Boris kam akwai shi jibge, amma 6301 ne da 6202 da 6203, na ƙafar babur da fanka da injin ban ruwa. Shago na huɗu ne mai shi ya shiga ciki ya daɗe, ya fito mini da 6902 da 6900. Girman daidai ne, domin lambar ba ta canzawa ko a wace ƙasa aka ƙera: 6902 ramin cikinsa milimita 15, faɗinsa 28, kaurinsa 7, 6900 kuma 10 da 22 da 6. Sai dai na 6900 ɗin murfin ƙarfe ne da shi, wanda ake rubuta wa ZZ, ba roba ba. Wannan yana tare tsakuwa, ba ya tare ruwa da ƙurar hunturu. Mai roba fuska biyu, 2RS, shi nake nema.

Ya ce, "Malam, boris ai boris ne, in ya shiga rami shi ke nan." Na fahimce shi, domin a aikin da ya sani haka ne. Amma na roƙe shi ya bar ni in ɗaga robar 6902 ɗin da bakin reza, ya yarda da sharaɗin zan saya. A ciki ƴaƴan, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da boris ke juyawa a kansu, a rarrabe suke, kowane a ɗakinsa cikin wani siririn keji. An yi haka ne don boris mai gudu, wanda zai yi dubban juyi a minti ba tare da ƴaƴan sun goge juna ba. Boris ɗin gaɓar keke kuwa bai taɓa yin cikakken juyi ko sau ɗaya ba a rayuwarsa. Gaba kaɗan, baya kaɗan, a wuri ɗaya, ga nauyin mutum, ga dukan dutse. Abin da yake bukata yawan ƴaƴa ne da za su raba nauyin a tsakaninsu. Shi ya sa ake yin wasu babu keji, an cika su da ƴaƴa kafaɗa da kafaɗa. Kamfanin Enduro yana kiran nasa MAX, kuma irinsu ne na tarar a kekena.

Na biya wanda na buɗe, zai yi mini amfani wurin gwaji. Da dare na kira wani abokin hawanmu da ya koma Abuja, ya ce ya san mai kawo su, zai haɗa mini goman ya sa a mota. Kuɗin ya yi zafi, ba zan ɓoye ba. Amma wannan aiki ba wanda nake so in maimaita bayan wata shida ba ne.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na ɗauki hannayen bayan keken a buhu na tafi wurin Baba mai gyaran keke. Shi ya riƙa gyara wa mahaifinmu Raleigh ɗinsa tun ina ƙarami, kuma har yau ba na yanke shawara a kan keke ban gaya masa ba. Ya jujjuya hannun ƙasa, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Ɗana, wannan ai ba shi da nauyi ko kaɗan. Kawo guduma da fanci in fitar maka da su yanzu."

Na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini haƙuri. Wannan alminiyam ne, ba ƙarfe irin na Phoenix ba. In boris ya fito a karkace zai buɗa ramin, sabon kuma ba zai sake zama daram ba. Kuma in hannun nan ya lalace, babu inda zan samo wani a ƙasar nan."

Ya yi shiru yana shafa bakin ramin da babban yatsa. Can ya ce, "To ka yi gaskiya. Abin da aka sa da matsi, da matsi ake cire shi. Amma ka ɗiga musu kananzir da ɗan baƙin mai su kwana, kada ka taɓa su yau." Ya kuma nuna mini wani abu da ni ban lura ba: a gaɓar Horst akwai siririn tudu a tsakiyar ramin, tsakanin boris biyun, don haka ba za su fita ta gefe ɗaya ba, kowanne ta fuskarsa zai fito.

Daga nan na wuce wurin mai injin feƙe ƙarfe a Tudun Wada. Na ba shi awo, ya feƙe mini ƴan guntayen ƙarfe masu kafaɗa, kowane girma da nasa, waɗanda za su dafa zoben waje na boris kaɗai. Na sayi dogon noti mai zare tun daga sama har ƙasa, na milimita 8, da washa masu kauri. Soket-soket na sifana ina da su a gida, su ne za su zama kofin da tsohon boris zai faɗa ciki.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Tsarin mai sauƙi ne. Dogon noti ya ratsa ta tsakiyar boris, gefe ɗaya ƙaramin soket yana tura shi, ɗaya gefen babban soket ya dafa firam ya bar masa wurin fita. Na naɗa wa bakin babban soket ɗin salatif don kada ya ci fenti. Kafin in fara murɗawa na tsiyaya ruwan zafi daga buta a kan wurin. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfen boris yake buɗewa, ɗan bambancin nan da ido ba ya gani shi ne yake sassauta riƙon.

Na farko ya yi tauri har na fara shakka, sai na ji ɗas, ya motsa. Daga nan ya taho a hankali, kowane juyin sifana yana ƙara fitowa. Kafin azahar na fitar da shida.

Na ɗauki 6902 na gefen sarƙa na ɓare robarsa a kan farar takarda. Babu giris a ciki ko ɗigo. Wani jan gari ne ya zubo, tsatsa da ƙasa, irin kalar jar ƙasar hanyar Shika. Ƴaƴan sun yi baƙi, biyu sun dare gida biyu. Da na wanke zoben da fetur na ɗaga shi a rana, sai ga ƴan ramuka a jere a kan hanyar da ƴaƴan ke bi, kowane ɗa ya haƙa wa kansa gurbi. Dalilin ke nan da bayan keken yake tafiya mataki-mataki. Tunda ƴaƴan ba sa zagayawa, suna ture giris daga ƙarƙashinsu, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe a wuri ɗaya.

Na san inda ruwan ya shiga. Duk damina in na dawo daga daji da taɓo, wurin wankin mota nake kai shi, yaran su sa masa injin feshi mai ƙarfi su bi kowane lungu, ni kuma ina jin daɗin yadda yake ƙyalli. Wannan ruwan yana ɗaga leɓen roba ya shiga, ya wanke giris, kuma ba ya fita. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da hannuna na riƙa biyan kuɗin.

Gaɓar Horst ta fi wuya saboda tudun da Baba ya nuna mini. Uku sun fito. Na huɗu ina cikin jansa zoben ciki ya ɓalle, ƴaƴan suka watse a tsakar gida, zoben waje ya zauna a ramin babu abin kamawa. Na ajiye kayan aiki.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kwana huɗu zoben nan yana raina. Zarto ba ya cin sa, ƙarfen boris ya fi shi tauri, sai dai ya zame ya ci alminiyam. Wani mai walda ya ce in kawo ya ɗana masa washa ya buge shi. A jikin ƙarfe dabara ce mai kyau. Na ƙi, domin alminiyam ɗin firam da wuta aka gasa shi ya yi ƙarfi, zafin walda kuma yana iya kashe wannan ƙarfin a daidai wurin da ya fi bukatarsa.

Mafita daga shagon kayan gini ta zo. Akwai notin nan da ake kafawa a kankare, mai riga da ke buɗewa in an ɗaure shi. Na sayi na milimita 10, wanda rigarsa ta kai 16, ya shiga cikin zoben kamar don shi aka yi. Na ɗaure shi a hankali har rigar ta buɗe ta ciji kwarin da ƴaƴan ke bi. Muka kai wurin mai feƙe ƙarfe, muka sa a bais ɗinsa, soket a gefe ɗaya, guntun ƙarfe yana tura gindin notin ta ɗaya gefen. Ya kama hannun bais ɗin ya ce, "Oga, ka sa ido, in ka ga ya karkace ka ce in tsaya." Sau biyu notin yana zamewa muna sake ɗaurewa. A na uku zoben ya taho. Na sa yatsa na zagaye ramin, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Alhamdu lillahi.

Talata, 19 ga Nuwamba

Kaya ba su iso ba tukuna. Na wanke ramuka goman da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na goge notuna, na kankare tsohon maganin ɗauri daga zarensu. Hunturu ya fara sauka, da safe mutanenmu suka turo hoto daga kan Kufena, garin ya yi fari fat a ƙasansu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Jiya da yamma direba ya kira, na karɓi ƙunshin a Kwangila. Na gwada kowanne da tsohonsa, na duba lamba. Na ɗaga robar kowane boris da bakin reza a hankali, na ƙara cusa masa giris mai jure ruwa har ya cika, na mayar da robar. A boris mai gudu cika giris haka laifi ne, zafi zai yi. A nan kuwa babu gudu, kuma gurbin da giris ya cika ruwa ba zai samu wurin zama ba.

Wuta ba ta tsaya ba, don haka na ƙulle su a leda na kai wa maƙwabcinmu mai sayar da ƙanƙara ya sa a firizarsa tun asuba. Sanyi yana ɗan tsuke su.

Wurin sakawa ƙa'ida ɗaya ce: zoben waje kaɗai ake turawa. In ka tura na ciki, ƙarfin zai bi ta kan ƴaƴan, ka yi wa sabon boris irin ramukan da suka kashe tsohon tun bai fara aiki ba. Na shafa giris kaɗan a ramin, na ɗora boris da yatsa ya zauna daidai, na sa guntun ƙarfensa, na fara murɗawa rabin juyi, in tsaya in duba ta kowane gefe. Na uku, wani 6901, ya fara shiga a karkace. A sifana na ji, ta yi nauyi da wuri. Na leƙa na ga gefe ɗaya ya riga ɗaya da kamar kaurin farce. Ban matsa ba, na juya kayan na fitar da shi, na sake daga farko. In boris ya kai ƙasa, sifana tana tsayawa cak, ba sai an ƙara ba.

A babbar gaɓa akwai wani bututu da ke zama tsakanin boris biyun, shi ne yake hana zobban ciki matsewa in an ɗaure noti. Na saka na farko, na ɗauko na biyu, sai ƙanena ya ce, "Yaya, wannan fa na cikin kiret ɗin?" Allah ya yi masa albarka. Na zura bututun, na daidaita shi da notin gaɓar, sannan na biyu ya shiga.

Goma cif kafin magariba. Kowanne na juya shi da ɗan yatsa bayan ya zauna, duk sumul.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Haɗawa ta ɗauki awa uku, hotunan waya suna gefena. Na sa giris a jikin kowane noti inda boris ke zama, a zaren kuma ɗigo ɗaya na Loctite 243, shuɗin, wanda ake iya kwancewa daga baya. Ban ɗaure ko ɗaya ba sai da duka suka shiga wurinsu sako-sako. Na ari ƙaramar sifana mai awon ɗauri a wurin wani abokina bakanike, na bi adadin da aka zana a kan kowane noti. Kafin in sa shokozoba na ɗaga bayan na saki. Ya sauko da kansa a hankali, shiru, babu inda ya tsaya. Na yi ta ɗagawa ina saki, ƙanena yana dariyar murna.

Na mayar da shokozoba, na buga 180, na hau na auna: ya nutse milimita 15 cikin 50, kashi 30 cikin ɗari, yadda nake so. Wasan hagu da dama ya tafi gaba ɗaya. Amma da na kama sirdi na ɗaga keken a hankali, sai na ji wani ɗan ƙwas na sama da ƙasa. Na bi shi da yatsa gaɓa-gaɓa, babu. A idon shokozoba na ƙasa na same shi. Bushin ɗin da ke ciki, siririn zoben da ya lulluɓe ramin, na rabin inci, wato milimita 12.7, ya cinye, jan rufin cikinsa ya goge har ƙarfe ya fito. Da can babban wasan ne ya rufe shi. Na sake kiran Abuja.

Lahadi, 8 ga Disamba

Bushin ya iso ranar Alhamis, guda biyu. Da dogon notin nan da soket na fitar da tsohon na saka sabo, minti goma. Ɗayan na ajiye.

Yau bayan sallar asuba muka bi ta Wusasa mu huɗu, sanyi yana yanka kunne. A hawa na tashi tsaye na taka feda da dukkan ƙarfina ina saurare, abin da nake ji kawai ƙarar taya a kan tsakuwa da numfashina. Na shiga kwanar nan ta bayan dutse da gudun da ya fi na wancan karon, ƙafar baya ta bi ta gaba sawu ɗaya. Abin da ban zata ba shi ne ƙananan duwatsu: bayan yana lashe su yanzu, har sai da na ƙara danna maɓallin da ke rage saurin dawowar shokozoba da ɗaya, domin tirjiyar da ta saba riƙe shi ta tafi.

Da na dawo na bi notunan da sifanar awo. Na ƙarfen lilo na hagu ya ɗan karɓi ɗauri, sauran ba su motsa ba. Na wanke keken da bokiti da soso, na goge bakin kowace gaɓa da tsumma. Tsofaffin boris ɗin na zuba su a gwangwanin madara na kai wa Baba, domin ya ce yana so ya ga wanda ƴaƴansa suka dare. Na rubuta a bangon littafi cewa farkon Mayu, kafin ruwa ya zauna, zan cire shokozoba in sake ɗaga bayan da hannu in ji.